"Ana Sha": Shekara Huɗu na Wasan Ɓuya Tsakanin Kawuna da Maganin Hawan Jini

Mutumin da wannan nazari ya shafa yayan mahaifiyata ne. Ya yarda in rubuta labarinsa bisa sharaɗin ba zan kama suna ba, ba kuma zan faɗi layin da shagonsa yake ba. Ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, atamfa da shadda yake sayarwa tun ina firamare. Shekararsa 57 lokacin da aka gano yana da hawan jini. Matansa biyu, ya sauke Alƙur'ani, ya yi boko har ya gama sakandare, kuma ba ya rabuwa da rediyo. Ni kuma aikin harhaɗa magunguna nake yi a wani asibitin gwamnati a nan Kano. Na jero waɗannan ne don kada mai karatu ya yi saurin cewa talauci ne ko jahilci. Kuɗin maganinsa na wata ba abin da zai ɗaga masa hankali ba ne, ga shi kuma yana da ɗa a dangi wanda magani ne sana'arsa. Duk da haka, da na zo na yi lissafi daga baya, a cikin shekara huɗu da 'yan watanni, kwanakin da ya sha maganin in aka haɗa su wuri ɗaya ba za su cika shekara guda ba.

Yadda abin ya faro

A 2019 ya biya kuɗin kujerar Makka. Wurin duba lafiyar maniyyata aka auna shi aka sami 176 bisa 102. Ya ce gajiya ce da rana, aka ce ya dawo bayan mako guda, ya dawo aka sami kusan haka. Likita ya rubuta masa amlodifin mai miligiram 10, da ƙwayar nan mai sa fitsari da aka fi sani da Moduretic, kowace ɗaya da safe. A ƙasa mai tsarki bai yi fashi ko sau ɗaya ba, don ya ji labarin masu yanke jiki su faɗi a hanyar jifa, kuma ba ya son ya zama cikinsu. Ya dawo gida, na auna shi da hannuna, 132 bisa 84. Na yi murna, shi ma ya yi murna, ashe murnarmu ba iri ɗaya ba ce. Ni ina ganin magani ya karɓe shi, shi kuwa a wurinsa an warke ke nan.

Duk Juma'ar da na je gaisuwa, bayan an gama ya kasuwa ya iyali, nakan ce, "Kawu, ana shan magani kuwa?" Ya ce, "Ana sha, Likita." Likita yake kirana don tsokana, ya san sarai ni ba likita ba ne. Shekara huɗu muna wannan. Sai daga baya na gane da hannuna na buɗe masa ƙofa. Ladabi ya hana ni in dubi yayan uwata in ce "ka sha yau?", na fake da "ana", shi ma ya amsa da "ana". Bai taɓa yi mini ƙarya ba. Ana sha mana, jefi-jefi. Wannan tambaya da wannan amsa su muke maimaitawa a tagar ba da magani sau ɗari a rana, mu rubuta a kati cewa majinyaci yana bin ƙa'ida.

Sau ɗaya tak ya koma shan maganin da kansa ba wanda ya matsa masa. A watan Afrilun 2020 ne, lokacin kullen korona, da aka yi ta rasa dattawa a Kano har masu haƙa kabari suka fara magana. Gwamnatin jiha ta fara danganta mace-macen da hawan jini da ciwon suga da sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce. Kawu dai hawan jini ya ji a rediyo, ya kuma raka abokansa biyu makwanci cikin mako guda. Ya aika aka sayo masa magani, ya sha har zuwa bayan ƙaramar salla. Da gari ya lafa, shi ma ya lafa.

Safiyar da kofi ya faɗi

Wata safiya a Nuwambar 2023, ya dawo daga masallaci yana shan kunu, kofin ya suɓuce daga hannunsa na hagu. Uwargidansa Hajiya Babba ta duba ta ga bakinsa ya karkace, magana kuma ta harɗe. Ta kira ni tana kuka. Kafin in iso gida ya cika, wata goggonmu ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa iska ce ta buge shi, kada wanda ya kai shi asibiti, in aka soka masa allura shi ke nan. Cikin minti arba'in baki ya koma daidai, hannu ya dawo, ya ce ba inda za shi, kasuwa za shi. Da ƙyar ni da babban ɗansa muka sa shi a mota.

A asibiti awo ya nuna 194 bisa 112. Hoton kai bai nuna zubar jini ba. Likitan, wani dattijo kusan sa'ansa, ya ce wata jijiyar jini ce a ƙwaƙwalwa ta toshe na ɗan lokaci ta buɗe. Irin wannan gargaɗi ne, kuma a kwanakin farko bayansa ne aka fi jin tsoron cikakkiyar shanyewar ɓarin jiki.

A daren nan na roƙi Hajiya Babba ta tattaro mini duk wani magani da ke gidan, na sa yaron shago ya kawo na kasuwa, na duba mota. Leda guda aka cika. Na baje su a kan tabarma ina ƙirgawa, na ga abin da shekara huɗu na gaisuwa ba su nuna mini ba. Ƙwayar fitsarin kusan ba a taɓa ta ba, wasu katunan har wa'adinsu ya wuce. Amlodifin an ciro nan da can, wasu an raba su biyu da haƙori. Sai tarin katunan dikilofenak, maganin ciwon jiki, kowanne fayau, ba ko ƙwaya ɗaya a ciki. Mutumin da muke cewa ba ya son magani, ashe kullum sai ya haɗiyi ƙwaya. Zaɓe yake yi.

Washegari likitan bai tambaye shi me ya sa ba ya sha ba. Ya ja kujera ya zauna, ya ce, "Alhaji, me kake tsoro a maganin nan?" Kawu ya yi shiru, sannan ya fara magana, ya yi kusan rabin awa. Abin da ke ƙasa daga wannan zama ne, da wasu zamammaki biyu da suka biyo baya, da abin da amininsa ya faɗa mini.

Abin da ya yi imani da shi

Hujjarsa ta farko da kalmar kanta ta fara. Ya ce, "Likita, magani ai abin da ke kawo ƙarshen abu ne. In ka ce ka yi maganin ɓarawo, ka gama da shi. Wane irin magani ne za a ce ka sha har ka mutu?" Ya kawo hadisin da kowa ya sani, cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Mu ma'aikatan lafiya mun saba jawo wannan hadisi don mu kira mutane asibiti. Shi ya juya mana shi: tunda kowace cuta tana da magani, ƙwayar da ba ta warkarwa ba ita ce maganin ba, na gaskiyar yana can wani wuri, sai a ci gaba da nema. Ba ƙin neman magani yake yi ba, shi ya sa wa'azin tawakkali da riƙo da sababi bai taɓa shigarsa ba. Sababin yake bi dare da rana, a wurin masu sassaƙe, a shagunan magungunan Musulunci, a cikin habbatussauda da tafarnuwa da zuma. Duk maganin da ya sani tun yana yaro yana da ranar gamawa: na zazzaɓi kwana uku, na ƙurji mako guda, hatta na tarin fuka wata shida ne a sallame ka.

Na biyu ya fi wannan zurfi, kuma a ganina shi ne gindin al'amarin. A bakin Bahaushe hawan jini abu ne da ke zuwa ya tafi. Muna cewa "kada ka sa mini hawan jini", muna cewa "jininsa ya hau" ranar da kaya suka maƙale a tashar jirgin ruwa ko ɗa ya yi abin kunya. Abin da ya hau kuwa ai yana sauka. Kawu ya ɗauke shi ciwon ɓacin rai, kuma ya rantse yana jin zuwansa: ƙeya ta yi nauyi, ido ya yi yaji. Ranar da ya ji haka sai ya sha ƙwaya ɗaya, kamar yadda ake shan fanadol. Gaskiyar magana, yawancin masu hawan jini ba sa jin komai, kuma ranakun da muka riƙa auna shi daga baya, akwai waɗanda ya tashi garau yana raha awo na nuna 170.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne bai tsaya ga zato ba, gwaji ya yi. Bayan dawowarsa daga Makka ya daina sha kwana ɗaya, ya je kemis aka auna shi, lafiya lau. Ya ƙara kwana, aka sake aunawa, ba wani canji na a zo a gani. Ya ce to ka gani. Abin da bai sani ba, kuma ba wanda ya faɗa masa, har da ni, shi ne amlodifin magani ne mai daɗewa a jiki. Sai an yi awa 30 zuwa 50 kafin rabin abin da ka sha ya fita. Wanda ya yi wata biyu yana sha, in ya tsaya yau, gobe da jibi yana cin gajiyar na baya ne, jinin kuma a hankali yake komawa sama cikin kwanaki. Wannan daɗewa ita ce falalar maganin, don mantuwar rana ɗaya ba ta yin illa. Ita ce kuma ta ba kawu shaidar zur. Gani ya kori ji, shi kuwa ya gani da idonsa.

Sai maganar ƙoda. Akwai maƙwabcinsa a kasuwa da ya shekara goma yana shan maganin hawan jini, ƙarshe ƙafafu suka kumbura, aka shiga wankin ƙoda sau biyu a mako, aka sayar da gida, ya rasu. A majalisarsu hukunci ɗaya aka yanke: ƙwayoyin nan ne suka cinye masa ƙoda. To, kawu ya fara shan nasa, ba a yi wata biyu ba ya ga idon sawunsa ya kumbura har takalmi na matse shi da yamma, ga fitsari ba ƙaƙƙautawa. Me kake so ya ce? Ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama da wuta. Kumburin na gaske ne, ba raya masa aka yi ba. Amlodifin yana buɗe ƙananan jijiyoyin jini, ruwa ya riƙa tsattsafowa ya taru a ƙafa, kuma ya fi faruwa ga mai shan miligiram 10. Babu ruwan ƙoda a ciki. Abin da ke lalata ƙoda shi ne jinin da aka bari yana dukanta shekara da shekaru, sai kuma irin dikilofenak ɗin da yake haɗiya kullum don ciwon gwiwa, wanda ke wahalar da ƙoda, yana ƙara hawan jini, yana kuma rage ƙarfin maganin hawan jinin. Wannan bai taɓa tsoronsa ba, domin yana sha yana jin daɗi nan take. Wanda ke sa shi kumburi ba tare da ya ji wani sauƙi ba, shi ne abin zargi.

Ƙwayar fitsarin kuwa laifinta bai tsaya a ƙoda ba. Kawu mutum ne da ke son alwalar azahar ta kai shi la'asar, yakan ja salla a masallacin layinsu in liman ba ya nan, kuma bayi a kasuwa ba kusa yake ba. Maganin da zai sa dattijo ya bar mai ciniki a tsaye sau uku kafin azahar ya taɓa mutuncinsa. Wannan bai faɗa wa likitan farko ba, ba a kuma tambaye shi ba.

Akwai wanda bai faɗa a gabana ba, ba zai taɓa faɗa ba. Amininsa ne ya ja ni gefe a harabar asibiti ya ce, "Ɗan nan, ka san kawunka ya yi amarya. Ya ce mini ƙwayoyin nan suna kashe masa jiki." Na sunkuyar da kai na ce na gode, Baba. Na kai wa likitan, suka yi maganarsu su biyu ba na nan. A nan ma yana da 'yar gaskiya, don an san magungunan sa fitsari irin wannan suna jawo wa wasu maza rauni. Sai dai hawan jinin kansa, in ya daɗe, yana lalata jijiyoyin da abin ya dogara a kansu. Ina zargin wannan dalili ya fi duk sauran nauyi a wurinsa, kuma shi ne wanda tambayata ta ranar Juma'a ba za ta taɓa tono shi ba ko da za mu shekara ashirin.

Ya kuma jefo maganar da dattawan Kano ba sa mantawa, ta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara 200 lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu, shari'ar da aka yi sulhu a kanta da gwamnatin jiha a 2009 kan dala miliyan 75. Ya haɗa da jabun magunguna. Ban ɗauki wannan a matsayin babban dalilinsa ba, tunda dikilofenak ɗin ma ba a Kurmi ake haɗa shi ba. Ƙarin gishiri ne a kan shawarar da ya riga ya yanke.

Ba kawu kaɗai ba ne

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2003 ya ce a ƙasashe masu arziki ma, kusan rabin masu cututtukan da ake daɗewa ana jinyarsu ne kawai ke shan magani yadda aka ce. Rahotonta na 2023 kan hawan jini ya ce masu cutar sun kai biliyan 1.3, kuma huɗu cikin biyar ba sa samun kulawar da ta isa. Mun daɗe muna fassara wannan da mantuwa ko tsada. Tsadar gaskiya ce, musamman tun 2023 da naira ta faɗi farashin magani ya yi tashin gwauron zabi, kuma ina ganin masu ajiye takardar magani su juya don ba kuɗi. Amma ba ita ce matsalar kawu ba. Abin da yake kashewa a kan jiƙe-jiƙe ya fi kuɗin ƙwayoyinsa.

Wasu masu bincike biyu a Ingila, Rob Horne da John Weinman, sun tambayi majinyata 324 a 1999, masu asma da ciwon ƙoda da ciwon zuciya da kansa. Kashi 89 cikin ɗari sun yarda maganinsu wajibi ne, amma fiye da kashi ɗaya cikin uku suna da tsoro mai ƙarfi na sabo da shi ko illarsa a gaba. Suka gano majinyaci ciniki yake yi a zuciyarsa, yana ɗora buƙatar maganin a gefe guda na sikeli, tsoronsa a ɗaya gefen, kuma inda sikelin ya rinjaya ya fi shekarunsa ko iliminsa nuna ko zai sha. A 2013 aka tattara bincike 94 aka sami abu ɗaya. Tarihin kawu ya hau kan wannan daidai. A Makka da lokacin korona tsoron mutuwa ya danne sikelin, ya sha. Da tsoron ya wuce, kumburi da fitsari da amarya suka rinjaya. Abin da takardar tambayoyin Turawan ba za ta kamo ba shi ne alwala, da ma'anar kalmar magani a bakinmu, da kunyar da ke tsakanin ɗa da kawunsa.

Abin da aka canza

Likitan bai yi masa wa'azi ba, ciniki ya yi da shi, kuma ya fara da ba shi gaskiyarsa. Ya ce, "Alhaji, kumburin nan daga maganin ne, ka yi gaskiya. Fitsarin ma haka. Za mu canza." Na ga fuskar kawu ta sake. Shekara huɗu yana jiran wani mai farar riga ya ce masa ba mafarki yake ba.

Aka cire ƙwayar fitsari gaba ɗaya. Aka rage amlodifin zuwa miligiram 5, aka haɗa masa da losatan, wanda ke rage irin wannan kumburi, yake kuma kare ƙoda. Ba a jefar da amlodifin ba duk da ƙorafinsa, kuma akwai dalili. Gwajin CREOLE da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, aka buga a 2019, ya ƙunshi majinyata 728 a ƙasashen Afirka shida, ya nuna haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi wanda ba shi saukar da jinin baƙar fata. Saboda abin da ya faru a ƙwaƙwalwa aka ƙara masa asfirin da maganin rage kitsen jini. Aka hana shi dikilofenak, aka nema wa gwiwar wata hanya.

Aka yi gwajin ƙoda, na jini da na fitsari. An sami ɗan furotin a fitsarin. Likitan ya ajiye takardar a gabansa ya ce, "Ka ga wannan? Shekara huɗu ba ka sha maganinmu ba, ga ƙodar ta fara kuka. To wa ya taɓa ta?" Kawu bai amsa ba. An yi alkawarin maimaita gwajin duk bayan 'yan watanni, don in maganin ne ke cinta ya gani da kansa.

Kan maganar magani marar ƙarshe, likitan ya nuna tabarau ɗin da ke fuskar kawu ya ce, "Wannan ya warkar maka da ido?" Ya ce a'a. "Ka jefar da shi?" Kawu ya yi dariya ya ce ai wannan ba haɗiyarsa ake yi ba. Bai sallama ba, amma ya riƙe misalin, na ji yana ba wani.

Zoɓo ba a hana shi ba. A gaskiya yana da ɗan tasiri: wani gwaji a Jami'ar Tufts ta Amurka, da aka buga a 2010, ya nuna kofi uku a rana na mako shida ya rage lambar sama ta awon jini da kusan maki 7 ga masu hawan jini marar tsanani. Maki 7 ba zai sauko da mai 190 ba, amma ba dalilin faɗa a kansa, in dai ba a cika masa suga ba. Aka ce ya sha, tare da ƙwaya, ba a madadinta ba. Hajiya Babba ta rage gishiri da dunƙule a miya, aka yi mako biyu ana rigima a kan wannan.

Ni kuma na sayo masa na'urar awo ta gida da ƙaramin littafi irin na rubuta bashi. Mutum ne da ya yarda da lissafi fiye da bakin kowa. Safe da dare yana rubutawa, da alama a gefe ko ya sha ko bai sha ba. A watan Janairu ya yi tafiya Legas ya bar maganin a gida kwana biyar. Da ya dawo, shi ya nuna mini shafin da kansa: ranar farko da ta biyu shiru, ta huɗu 158, ta biyar 166. Gwajinsa na 2019 ne ya sake yi, wannan karon ya kai shi ƙarshe. Na kuma daina cewa "ana sha". Yanzu nakan ce, "Kawu, a ba ni littafi in gani," in ƙirga abin da ya rage a kati.

Azumin 2024 ya faɗo a Maris da Afrilu, ana tsananin zafi, ya kuma tona wani ramin da ba mu gani ba. Kwana shida na farko bai sha komai ba, saboda a jikin leda an rubuta "ɗaya da safe", da safe kuma yana azumi. Ba ƙi ya yi ba, umarni ya bi. Muka mayar da shi bayan buɗa-baki, kafin asham, kuma a nan ya zauna har bayan salla, don ya ce ya fi masa sauƙin tunawa.

Inda ake yanzu

Awonsa yana yawo tsakanin 128 da 142 a sama. Kumburi ya tafi, furotin ɗin bai ƙaru ba, abin da ya faru a Nuwamba bai sake dawowa ba. A ƙirgata ta ƙarshe, cikin ƙwaya 30 na hawan jini uku suka rage. Asfirin yana sha ba gardama, don ya san shi tun yana yaro. Maganin kitsen jini kuwa rabi ya rage, ya ce shi ba mai ƙiba ba ne, wane kitse za a rage masa. Wannan sabon zama ne, ba mu yi shi ba tukuna.

Har yau duk ranar ganin likita sai ya tambaya yaushe za a yaye shi. Makon jiya kuma na tsaya a bakin shagonsa, na tarar yana ba 'yan majalisa labari, littafin awo a buɗe a cinyarsa, yana nuna musu yadda lambobi suka sauko daga 190 zuwa 130. Wani ya ce, "Alhaji, me ka yi amfani da shi?" Ya ce zoɓo da tafarnuwa, safe da yamma. Ƙwayar tana aljihun gaban rigarsa, ina hango bakin katin, bai ambace ta ba. Biyu daga cikin masu sauraron na san su, a tagarmu suke karɓar magani.